Ranar Da Likitan Awaki Ya Ƙi Gajiya

Na ga saƙonninku, har da na masu zagina. Wata ta rubuto min, "Baiwar Allah, mutum yana sonki, kina sonsa, iyaye sun yarda, me kuma kike jira? A buga miki ganga?" Wata ta ce yanga ce kawai, ranar da ya auri wata zan yi bayani. Na gode, Allah ya bar zumunci. Ku gyara zama, yau zan fasa ƙwan kowa ya huta. Babu wani saurayi da na ɓoye. Wanda ya ɗaure min baki wani tsoho ne mai usur a wuya.

Kakana ne, mahaifin Abbanmu. Duk tsawon aikinsa malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, irin mutanen da ko zuwa shago za su yi sai ka ɗauka fareti suke. Bara waccan matarsa ta rasu, ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya taƙaita, baki ya dawo daidai, hannu ma ya dawo, sai ƙafar hagu ce ta ƙi sakin jiki. Likitan asibiti ya ce maganinta tafiya kullum, in ba haka ba za ta sandare. Kaka ya dawo gida, ya shige ɗakinsa, ya saki labule, ya juya wa ƙofa baya.

Abba ya gwada fita da shi. Suna zuwa ƙofar gida ya riƙe masa hannu a gaban maƙwabta, Kaka ya fizge ya koma ciki, aka yi makonni bai leƙo tsakar gida ba. Gwaggo, ƙanwar Abba, ta sayo masa keken guragu mai kyau. Ya yi godiya, ya mai da shi wurin rataye tawul.

Wata safiya na yi sallama na shiga, na ɗage labulen da ƙarfi. Ɗakin sai warin man zafi da iskar da ta kwana biyu ba ta fita ba.

"Wa ya aiko ki?" ya ce, bai ko juyo ba.

"Tumbi ne ya aiko ni. Kaka, dube ni don Allah. Duk kayana sun matse ni, tela har ta gaji da buɗa min. Ka horar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ga amaryarka tana neman cika ƙofa kana kwance."

Ya juyo ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa. Ni da idan aka yi iska mai ƙarfi sai na dafa bango.

"Gaskiya kin lalace," ya ce. "Miƙo min usur ɗina."

Tun daga ranar muke fita kowace safiya zuwa wurin shaƙatawa na unguwarmu, kafin in wuce shagon maganin da nake aiki. A wurin kowa, Kaka ne yake horar da ni. Yana sa tsohon wandon wasanninsa shuɗi mai farin layi a gefe, wanda ya koɗe a gwiwa, da kambas ɗin da yake wankewa da kansa, da sandar da ya rantse don karnuka yake riƙe ta. Wurin ba wani babba ba ne. Hanyar jan bulo ce ta zagaye fili, akwai lilon yara, da wata 'yar gada mai tudu a kan magudanar ruwa, da benci a gindin wata babbar bishiya, da wani kusa da famfo. Da safe tsofaffi ne da jikokinsu suke cika shi. Akwai wata tsohuwa da take zuwa da jikokinta 'yan biyu mata suna jifan ƙwallo, kuma ita ta fi su ihu. Akwai wasu dattawa da muke kira 'yan majalisa, waɗanda a da zama kawai ke kawo su, yanzu Kaka ba ya barinsu su zauna sai sun ɗaga hannu sama sun juya ƙugu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta hagunsa nake tafiya, ɗan baya kaɗan, kafaɗata kusa da tasa amma ba ta taɓa shi. Kunnena kuma yana kan takalminsa. Idan ƙafar tana lafiya, takun biyu iri ɗaya ne. Idan ta fara gajiya, sai in ji gefen kambas ɗin hagu yana shafar bulo, shuu, shuu. Da na ji haka sai in dafe ƙugu in langaɓar da kai.

"Wash, Kaka, na gaji."

Sai ya busa usur, ya juya wajen 'yan majalisa. "Kun gani ko? Yaran zamani! Ko zagaye ɗaya ba ta iya yi. Zauna, Raguwa, kada ki sume min a nan a ce ni na kashe ki."

Sai mu zauna, wai don tausayina. Ya huta, ƙafar ta dawo, mu ci gaba. Haka sunan Raguwa ya bi ni har gida, har Gwaggo tana min faɗa wai in ji kunya tsoho ya fi ni ƙwari. Na karɓi sunan hannu bibbiyu, don Kakan da na sani ya dawo, yana cin abinci, yana tsokanar mutane, labulensa a ɗage.

To, sai ga Likita, mai neman auren nawa. Likitan dabbobi ne, dogo mai gilashi, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Ranar da na fara ganinsa ya shigo shagonmu neman filasta, wai wani bunsuru ne ya nuna masa rashin godiya. Kaka na jin labarinsa ya raɗa masa Likitan Awaki, ya ce ya ji an ce akwai mai son ƙwace masa mata. Ina sonsa, jama'a. Wallahi ina sonsa, irin son da idan wayata ta yi ƙara sai na gyara ɗankwali kafin in duba. Matsalar ita ce an ba shi aiki a wata babbar gonar shanu, tafiyar yini guda a mota, kuma ƙarshen wata zai tafi. Yana so manyansa su zo kafin nan. Duk lokacin da ya tambaye ni sai in ce bari in yi tunani.

Wane tunani? Tunanin ɗaya ne: idan na tafi, wa zai riƙa gajiya? Abba zai riƙe masa hannu, Gwaggo za ta biyo shi da kujera, shi kuma ya koma ya saki labule. Na ga ɗakin nan a rufe sau ɗaya, ba na son in sake gani.

Ranar nan da yamma na dawo daga aiki na tarar da Gwaggo a falo, gilashi a kan hanci, Mama tana ninke wanki a kan doguwar kujera. Tun daga yadda suka amsa sallamata na san da ni aka kwana.

"Zauna nan," in ji Gwaggo. "Ke wai me kike nufi da yaron mutane? Mahaifiyarsa ta sake kirana. Na rasa abin da zan ce mata, sai kame-kame nake kamar wadda ta ci bashin kunya."

"Gwaggo, tunani nake."

"Tunani! Mu da muka yi aure ba mu da kai ne? Yana da aibu?"

"A'a."

"Ba kya sonsa?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina. Mama ta ajiye zanin da ke hannunta ta dube ni, irin kallon nan da yake shiga har ƙashi.

"Ko dai saboda Kakanki ne?" ta ce a hankali.

"Haba Mama, me ya kawo Kaka ciki?"

Na faɗa da sauri, saurin ma ya yi yawa. A daidai lokacin na lura rediyon Kaka, da yake ta surutu a ɗakinsa tun shigowata, ya yi shiru. Can sai muryarsa ta ratso labule.

"Amarya!"

"Na'am, Kaka."

"Ki ce wa Likitan Awakin nan gobe ya same mu a fili. Ba na ba da mata ga wanda ban ga tafiyarsa ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Yawwa Baba, gara ka sa baki."

Ina shiga ɗaki na faɗa kan gado na jawo waya.

Ni: Kaka ya ce gobe ka same mu a fili. Ka zo da kambas.

Shi: Jarrabawa ke nan?

Ni: Kusan haka.

Shi: Ba ni satar amsa. Me ya fi tsana a duniya?

Ni: Ragwanci.

Shi: An gama. Gobe zai ga namiji.

Na tura masa fuskar dariya har uku, na ajiye wayar ina jin daɗi. Ko kusa ban hango abin da na ƙulla ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Da safe na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa a kan wandon wasanni, na yafa ƙaramin mayafi baƙi, na ɗan zizara kwalli, wai don kada a ce na yi kwalliya. Kaka kuwa har da guga aka yi wa tsohon wando. Muna isa muka tarar da Likita a bakin ƙofa, cikin sababbin kayan wasanni ruwan toka, takardar shago tana reto a bayan wuyansa, ga farin kambas da yake kashe ido. Na yi masa alama ya cire takardar, ya ɗauka gaisuwa ce ya ɗago min hannu.

Ya durƙusa har ƙasa. "Kaka, ina kwananku? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Kai ne mai son raba ni da iyalina?"

"Alfarma dai nake nema, Kaka."

"Za mu gani. Tashi, nan ba wurin durƙuso ba ne."

Wandon nasa ba shi da aljihu, sai ya miƙo min wayarsa da makullin mota na jefa a jakata. Kaka ya nuna ni da sanda ya ce in koma baya, yau maza ne a gaba. Likita ya tsaya ta damansa, wato ɓangaren da ba ya buƙatar kowa. Aka busa usur.

Da farko abin gwanin sha'awa. Kaka yana jefa tambayoyi kamar alƙali, wane irin gida za a ba shi a gonar, akwai asibiti kusa, shanu nawa ne suka fi shi hankali. Likita yana amsawa cikin ladabi, yana rage tsawon takunsa. Tsohuwar nan mai 'yan biyu ta tsaya da ƙwallo a hannu tana min murmushi mai ma'ana. Sai dai Kaka ya fi saurin da ya saba, ƙirji a gaba, don ya samu abokin gasa. Tun kafin mu kai bishiya na ji abin. Shuu, shuu.

Na dafe ƙugu. "Wash, Kaka, na gaji."

"Zauna abinki, Raguwa," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Likita, ko kai ma ka gaji?"

Na zuba wa ƙeyar Likita ido ina addu'a a zuci.

"Haba Kaka," ya ce da fara'a, "yanzu ma jinina ya fara ɗumi."

Suka wuce bencin, na bi su a baya kamar jela.

"Au, gajiyar ta warke?" in ji Kaka.

"Ba zan bar ka da shi ba, kada ya yi maka allurar awaki."

Na zaro wayata da sauri na rubuta masa da manyan baƙaƙe: KA CE KA GAJI. Na tura. Sai na ji wani abu yana rawa a jikin haƙarƙarina. Na leƙa jaka, ga saƙona yana haskawa a kan wayarsa, sunan da ya sa min a sama har da hoton zuciya. Da wani lokaci ne da na ji daɗi.

Muka hau 'yar gadar nan mai tudu. Kullum kafin mu hau ta sai mun huta, yau kuwa haka Kaka ya ja ƙafar ya haye, sanda tana buga ƙasa da ƙarfi. Muka zo bencin famfo, inda 'yan majalisa suke. Na ce ko zai tsaya ya sa su motsa jiki kamar yadda ya saba. Ina! Suna ganinsa da baƙo suka hau kirari.

"Sai Malam! Tsohon ƙarfe! Nuna masa, yaro man kaza ne!"

Allah ya shirye su, suka ƙara wa wuta fetur. Kaka ya ɗaga musu sanda ya wuce, ya shiga zagaye na biyu, abin da bai taɓa yi ba tare da hutu ba tun da ya kwanta ciwo.

"Likita, har yanzu da saura?"

"Da saura sosai, Kaka."

Na yi tari. Na yi gyaran murya. Da Likita ya waiwayo na zare masa ido ina girgiza kai, shi kuma ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake, ya ɗago min babban yatsa. Na ji kamar in cire kambas in jefe shi. Tambayoyin Kaka sun ƙare, ba ya magana kuma. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa, jijiyar wuyansa ta tashi, hannun da ke riƙe da sanda ya ƙanƙame ta. Ƙarar takalmin ta daina zama shuu, ta koma jan abu a ƙasa. Tsoro ya kama ni sosai. Idan ya faɗi a gaban mutanen nan, ba ƙafar kawai za mu rasa ba, ba zai ƙara taka filin nan ba har abada. Idan kuma na kama shi, duk ɗaya ne.

Sai na ga Likita ya daina kallon gaba. Ya karkatar da kai yana kallon ƙasa. Ya yi kamar yana kauce wa wani ɗan ruwa da ya kwanta a hanya, ya zagaya ta bayan Kaka ya dawo hagunsa, ya matso da kafaɗarsa. Haka suka lallaɓa suka sake haye gadar, ni ina baya ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Suna zuwa daidai gaban 'yan majalisa ya kurma ihu.

"Wayyo Allah! Wayyo ƙafata!"

Ya zube a kan ciyawa, dogon mutum guda, ya riƙe sharaɓa yana mirgina kai. Gilashinsa ya karkace. Ya tuɓe farin kambas ɗin ya yar gefe.

"Kaka, ku yi min rai, na tuba! Jijiya ta ɗaure. Wallahi ba zan iya ƙara taku ɗaya ba."

Me 'yan majalisa za su yi in ba dariya ba. Ɗaya har da buga sanda a ƙasa yana share hawaye. 'Yan biyun nan suka rugo suka tsaya a kansa, ɗaya ta tambayi kakarsu ko baban nan zai mutu ne. Kaka ya tsaya yana kallonsa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Sai da ya haɗiyi numfashi kafin maganar ta fito.

"Kai! Wannan ne za a ba amanar shanu?" Ya dafa bencin a hankali ya zauna. "To, dole in zauna in jira ka, tunda baƙona ne."

Na miƙa wa Kaka gorar ruwa, na koma gefen Likita na tsuguna kamar mai duba ƙafar. Ya zo jarrabawa da niyyar ya ci, ya sayi kaya sababbi saboda ita, ga shi ya faɗi da gangan a gaban duk unguwa. A ranar na san son da nake masa a baya wasa ne.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ya aka yi ka gane?"

"Aikina ke nan. Marasa lafiyata ba sa faɗin inda ke musu ciwo, tafiyarsu nake kallo. Na dai makara, hankalina yana kan burge shi."

Kaka ya sha ruwa, ya zuba sauran a tafin hannu ya shafe fuska. Ya jira har 'yan majalisa suka koma hirarsu, sannan ya yafito mu da hannu. Na zauna a gefensa, Likita ya ja jiki ya zauna a ƙasa, takalma a hannu.

"Likita, wace ƙafar ce ta ɗaure?"

"Ta... ta hagu, Kaka."

"Da ka faɗi ta dama ka riƙe."

Likita ya cire gilashi ya hau goge shi da bakin riga.

"Shekara nawa na yi ina kama yara masu ƙaryar gajiya?" in ji Kaka. "Wanda ya gaji da gaske ba ya iya surutu. Ita wannan tana haki tana ba ni labarin abin da ya faru a shagonsu. Tun makon farko na gane ta."

Kunya ta rufe ni. "Kaka, to me ya sa..."

"Me ya sa na yi shiru? Don ina son zaman bencin mana. Kin rufa min asiri, na rufa miki, Allah ya yi miki albarka." Ya juya usur ɗin a hannunsa. "Amma jiya na ji abin da uwarki ta tambaye ki, na kuma ji yadda kika amsa. Ƙafata ce ta shanye, Amarya, ba kunnena ba."

Na sadda kai ƙasa.

"Na yi wa kakarki alkawari zan ga ɗakin kowace jika tata. Ban yi mata alkawarin zan tsare ɗaya a gindin bishiya tana min ƙaryar haki har ta tsufa ba. Wannan yaron ya zubar da girmansa a gaban tsofaffin banzan can don ya tsare nawa. Tafiyarsa ta yi min."

"Kaka, idan na tafi wa zai..."

"Ni zan raka kaina."

Ya dogara sanda ya miƙe. Jikina ya riga tunanina, na yunƙura zan tashi. Ya nuna ni da yatsa, fuskar nan babu wasa.

"Zauna. Zan tafi ƙofa ni kaɗai. Kafin in kai, ki ba bawan Allahn nan amsa, eh ko a'a, wannan naki ne. Amma kada ki ƙara fakewa da ni. Idan kika biyo ni kuwa, a bakin aurenki da ni."

Ya juya ya kama hanya. Daga famfo zuwa ƙofa ba nisa ba ne ga mai lafiya, amma akwai gangara, kuma ƙafar ta riga ta sha wuya. Na ƙanƙame bakin bencin da hannu biyu. Wayata ta yi ƙara, Mama ce: Ya ake ciki? Gwaggonki ta dame ni. Ban amsa ba.

"Ki bi shi," in ji Likita a hankali. "Ni zan jira. Ko bayan na tafi ne, zan jira."

"Idan na tashi na gama da shi," na ce.

Kaka yana tafiya, baya a miƙe, kai a sama. A tsakiyar gangarar ƙafar ta ɗan turje, jikinsa ya karkata. Ya kafa sanda, ya tsaya cak, ya yi kamar yana kallon 'yan biyun da suka koma jifan ƙwallonsu. Har ya ɗaga murya ya ce wa ɗaya ta riƙa buɗe hannu kafin ƙwallon ta iso. Sannan ya ci gaba, a hankali, a hankali, har ya kai. Ya dafa ƙarfen ƙofar, ya ɗaga sanda sama, ya busa usur da ƙarfi. 'Yan majalisa suka ɗauki tafi.

Hawaye suka zubo min, kwallin da na ce ba kwalliya ba ne ya bi kumatu.

"Ka ce manyanka su zo," na ce.

"Na'am?"

"Ka ji ni sarai. Ƙafarka ce ta ɗaure, ita ma ƙarya."

Ya miƙe tsaye ba takalmi, baki har kunne, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ce in ba shi wayarsa. Na miƙa masa, na goge fuska da mayafi, na nufi ƙofa. Ban yi gudu ba, don kada Kaka ya ce na raina shi.

Na same shi yana fuskantar titi, hannu ɗaya a kan ƙarfen, yana yi wa masu wucewa murmushi.

"Kin ba shi amsa?"

"Na ba shi."

"Me kika ce?"

"Na ce su zo."

"Alhamdulillahi. To na sallame ki, Raguwa, ki je ki dami wani."

Na yi dariya cikin hawaye, na buɗe baki zan rama. Sai ya rage murya, murmushin yana nan a fuskarsa saboda masu kallo, leɓensa kawai ke motsi.

"Matso ta hagu. Kama ni, Amarya. Ƙafar ba ta jin ƙasa. Kada ki bari su gani."

Tun da ya kwanta ciwo, Kaka bai taɓa cewa wani ya kama shi ba. Na zura hannuna ƙarƙashin nasa kamar mai shagwaɓa, na saki mayafi ya rufe. Duk nauyinsa ya sauko kaina, jikinsa yana rawa kamar mazari. A bayanmu ina jiyo muryar Likita a waya, cike da murna.

"Umma, ta amince! Wallahi ta amince!"